Faɗa da Rubuta Kwanan Wata da Faransanci: Inda Ɗalibi Bahaushe ke Tuntuɓe a Yankin Bangi

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta yadda Hausa da Faransanci ke faɗar kwanan wata, domin gano wuraren da ke wahalar da ɗalibi Bahaushe a ƙaramar hukumar Bangi ta gundumar Madawa, da maƙwabtanta na Buza da Keita, cikin jihar Tawa. An gano cewa jerin kalmomi iri ɗaya ne a harsunan biyu. Wahalar tana cikin ranar farko ta wata, da lambobi daga 70 zuwa 99, da furucin wasu watanni, da lokacin da yini ke farawa. An kuma nuna cewa al'adar rubuta kwanan wata a allo kowace safiya ba ta taɓa mafi yawan waɗannan wurare.

1.0 Gabatarwa

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Duk da haka, takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da katin rigakafi da takardun jarrabawar BEPC da ke hannun mutane da Faransanci aka cika su, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ba ta ɗauke da kwanan wata. Wanda ya kasa karanta shi yana iya rasa ranar komawa asibiti ko ranar jarrabawa.

Bangi na da wani hali da ya sa ta dace da wannan nazari. Tana kan iyaka da jihar Sakkwato, kuma a shekarar 2021 dubban ƴan gudun hijira daga can suka sauka a ƙauyukanta. Ke nan a yankin akwai yaron da Hausa kaɗai ya sani, akwai kuma wanda ya ɗan taɓa boko da Ingilishi.

An bi hanyar kwatanta harsuna wadda Robert Lado ya fayyace a 1957. Kwatance yana nuna inda ya kamata malami ya sa ido, kuma tun 1967 Pit Corder ya ja hankali cewa kuskuren mai koyo shaida ce ta ƙa'idar da ya gina a ransa. Da wannan fahimta aka dubi misalan da ke tafe.

2.0 Inda harsunan suka yi tarayya

(1) ranar Laraba 3 ga watan Agusta 1960
(2) le mercredi 3 août 1960

Rana, sannan lamba, sannan wata, sannan shekara: jerin bai sauya ba. Harsunan biyu kuma suna faɗar lambar tsurarta, “uku” da “trois”, ba “na uku” ko “troisième” ba. A nan Hausa ta fi Ingilishi kusa da Faransanci, don Ingilishi yana amfani da ƙidayar matsayi. Yaron da ya fito daga makarantun Sakkwato shi ake sa ran zai ce “le troisième août”, ya kuma fara sunan wata da babban baƙi, alhali Faransanci na rubuta ranaku da watanni da ƙaramin baƙi. Abin da Bahaushe zalla zai ɗauko daga harshensa shi ne “ga”: zai nemi abin da zai cike gurbinta, ya ce “le 3 de août”. Faransanci ba ya sa komai tsakanin lamba da wata. Gyaran wannan ba ya ɗaukar lokaci.

Togiya ɗaya ce ga faɗar lamba tsurarta: ranar farko ta wata. Hausa na cewa “ɗaya ga wata”, Faransanci kuwa “le premier”, a rubuce “le 1er mai”. Akwai kuma “le huit” da “le onze”, inda ba a shafe wasalin “le” duk da ƙa'idar da aka koya wa yaro a “l'école”.

3.0 Shekara: daga 70 zuwa 99

A nan ne gizo ke saƙa. Hausa ta ari saba'in da tamanin da tis'in ko casa'in daga Larabci, kowace kalma guda ce mai tsayuwa da ƙafarta. Faransancin da Nijar ta gada yana yin lissafi a cikin sunan lambar: 70 sittin da goma ce (soixante-dix), 80 ashirin sau huɗu (quatre-vingts), 90 ashirin sau huɗu da goma (quatre-vingt-dix). Shekarar 1998, wadda aka kafa dokar tsarin ilimi ta LOSEN a cikinta, ana faɗarta “mille neuf cent quatre-vingt-dix-huit”. Kunnen yaro yana jin dubu, tara, ɗari, huɗu, ashirin, goma, takwas, kuma ana so hannunsa ya rubuta alƙaluma huɗu kacal. Da zarar ya ji “soixante” ya rubuta 6, sai “quinze” ta biyo baya ta ce masa 75 ake nufi.

Matsalar ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Xavier Seron da Michel Fayol sun kwatanta yaran Faransa da na Beljiyam a 1994, suka tarar na Faransa sun fi yin kuskure wajen rubuta irin waɗannan lambobi. A Beljiyam da Suwizalan da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ana cewa “septante” da “nonante”, waɗanda suka yi daidai da saba'in da casa'in. Da ta wannan ɓangare Faransanci ya shigo Nijar, da rabin wannan sashe bai taso ba.

Sai dai a ganin wannan maƙala kuskure ne a ɗauka cewa lissafi cikin sunan lamba baƙon abu ne ga yaron Bangi. Yana jin “ashirin ba ɗaya” ya san 19 ce, wato yana ɗebewa. A kasuwa ana ce masa “dala ashirin” ya miƙa sefa 100, wato yana ninkawa da biyar ba tare da ya tsaya tunani ba. Yaron da ke tallar albasa ko goro ya riga ya mallaki dabarar da “quatre-vingts” ke buƙata. Abin da ya rage shi ne malami ya nuna masa cewa ita ce.

Wajen rubutu da haruffa akwai wata ƙa'ida ƙarama: a shekara ba a sa “s” a ƙarshen “vingt”, saboda haka 1980 ita ce “mille neuf cent quatre-vingt”. Ana kuma jin “dix-neuf cent” a maimakon “mille neuf cent”, kuma duka biyun daidai ne.

4.0 Furuci

Watanni huɗu cikin goma sha biyu suna da sautin “v” wanda babu shi a Hausa: janvier, février, avril, novembre. Ƙara da vendredi da vingt. Bahaushe kan mai da shi “b”, ya kuma raba cunkoson baƙaƙe irin “vr” da wasali. A karin harshen yamma, na Gobirawa da Adarawa, “f” kan fito “hw” ko “h”, abin da ke ƙara wa février nauyi. Yawancin wannan ba ya ɓata ma'ana. Wanda ke ɓata ta shi ne juin da juillet, da kuma deux da douze, trois da treize, six da seize, inda kuskuren ji ke jawo tazarar wata guda ko ta kwana goma.

5.0 Kalandar da ke ƙarƙashin kalmomi

A gida, wata na sama ake ƙirgawa. Tsohuwa za ta ce an haifi jikanta a watan azumin tsofaffi ko bayan babbar salla, kuma da yake shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, wannan bayani ba ya tsayawa kan wata ɗaya na Faransanci. Shekaru ma da abin da ya auku ake tuna su, kamar yunwar 1984 da ake kira El Buhari. Daga nan “né vers”, wato “an haife shi wajen shekara kaza”, ta samo asali a takardun mutane da yawa, haka ma yawan 01/01 a gurbin ranar haihuwa.

Mafi haɗari shi ne farkon yini. Ga Bahaushe dare ke gaban rana, daga magariba sabon kwana ya shiga. Daren Juma'a a Faransanci “jeudi soir” ne, wanda ya ce “vendredi soir” ya makara da kwana guda. Haka “lundi” na nufin Litinin ɗin nan, “le lundi” kuwa kowace Litinin, idan lamba ba ta biyo ba. “Dans huit jours” kuma rana ita yau ce, mako guda, ba kwana takwas cif ba.

6.0 Giɓin da allo ke bari

Daga ajin CI zuwa CM2 na firamare, malami kan rubuta kwanan wata a saman allo kowace safiya, yara su maimaita su kwafa. Al'ada ce mai kyau, amma a dubi abin da take horarwa. Lambar rana ba ta wuce 31. Shekara kullum “deux mille” ce da ɗoriya mai sauƙi, saboda haka 70 zuwa 99 ba sa hawa allo ta wannan hanya ko sau ɗaya. “Premier” sau ɗaya take zuwa a wata, wani lokaci ma ranar hutu, kamar 1 ga Janairu da 1 ga Mayu. Makaranta na buɗewa a Oktoba ta rufe wajen Yuni, ke nan juillet da août da septembre suna wucewa yara na gona. Yaro zai iya shekara shida yana kwafar kwanan wata bai taɓa rubuta août ta wannan hanya ba, ga shi kuwa a cikinsa ranar ƴancin ƙasarsa take.

Saboda haka ana ba malaman Bangi da Madawa da Buza da Keita shawara su ƙara layi na biyu ƙarƙashin kwanan watan kullum. Yau ya zama 18 décembre 1958, gobe 24 avril 1995, jibi shekarar haihuwar da wani ɗalibi ya kwafo daga katin mahaifinsa. A yi shiftarsa da baki kafin a rubuta, a faɗe shi da Hausa da Faransanci, a kuma ajiye kwanan watan Hijira kusa da shi. Masu duba makarantu na waɗannan gundumomi su sa wannan cikin horon malamai, don ba ya buƙatar sabon littafi, alli da minti biyar sun isa.