Garambawul ga sansanonin sojin Amurka

Tsakanin 1988 da 2005, sau biyar Amurka ta yi wa sansanonin sojinta garambawul, inda ta rufe wasu ta kuma faɗaɗa wasu, domin rage kashe kuɗi.

Garin da aka rufe sansaninsa yakan yi asarar ayyukan yi da 'yan haya. Da aka rufe Fort Monmouth na jihar New Jersey a 2011, dubban ayyuka ne suka koma jihar Maryland.

Shi kuwa birnin El Paso na jihar Texas, ƙarin dubban sojoji ya samu a sansanin Fort Bliss, lamarin da ya ƙara bukatar gidajen haya da makarantu.

Sai dai wasu garuruwan kan farfaɗo. A harabar sansanin Fort Ord na Kalifoniya, wanda aka rufe a 1994, an kafa jami'a.