Bashi da Zumunci a Ƙasar Kura: Daga Falle zuwa Lambar Banki

A ƙasashen Turawa akwai wani nau'in bashi da ake ci da kati. Banki ne ke ba mutum katin, ya yi ta sayayya da shi, a ƙarshen wata a aiko masa da lissafi, abin da ya kasa biya kuma a ɗora masa ruwa. A Amurka aka fara wannan, da katin Diners Club a 1950, sa'an nan na Bank of America a 1958. Daga 1989 kuma aka yawaita auna amanar mutum da maki: wanda makinsa ya faɗi, ko hayar gida wuya take yi masa. Irin wannan kati bai yi jijiya a ƙasar Hausa ba, domin yawancin katunan da ke aljihun mutane na cirar kuɗinsu ne na kansu. Amma matsalar da ke ƙarƙashinsa, watau mutum ya nutse cikin bashi, sunansa ya ɓaci, 'yan'uwa su taru su fid da shi, tsohuwa ce ƙwarai. Babu kuwa inda ya fi dacewa a bi tarihinta kamar ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, inda noman rani na zamani ya sauya yadda ake cin bashi cikin shekaru hamsin.

Tun kafin zuwan Turawa Kura gari ne na sana'a. Marinanta sun shahara da turkuɗi, baƙin yadin nan mai ƙyalli da Buzaye ke naɗawa, wanda fatake ke kaiwa har Agadas. Ciniki mai nisa irin wannan ba ya yiwuwa sai da lamuni. Marini yakan karɓi saƙa bashi, falke ya karɓi rinannen kaya bashi, kuɗin kuma ba zai dawo ba sai bayan watanni. Mutunci shi ne jinginar da ke riƙe da wannan sarƙa, kuma mutuncin na gida ne gaba ɗaya. Idan aka ce wane ɗan gidan wane ne, an faɗi iyakar abin da za a iya ba shi. Abner Cohen ya ga irin wannan tsari a Sabon Ibadan, ya bayyana shi cikin littafinsa na 1969: mahauta Yarbawa suna karɓar shanu bashi, mai gida Bahaushe shi ke tsayawa tsakaninsu da mai shanu, in mahauci ya gudu shi ke biya. Saboda haka mai gida yakan san halin kowane mahauci, da wanda ke biya da wanda ke jinkiri, ba tare da an rubuta kome ba.

A karkara kuwa bashi iri-iri ne, kuma Hausa ta raba sunayensu domin hukuncinsu ya bambanta. Rance shi ne wanda ake mayarwa daidai, ba ƙari, galibi tsakanin dangi da abokai. Biki gudummawa ce da ake kai wa mai hidima, shi ma ya rama in taka ta zo, sau da yawa da ɗan ƙari. Adashi ajiya ce da lamuni a haɗe. Mai ciwon shi ne falle: manomi ya ci hatsinsa ya ƙare tun damina ba ta yi nisa ba, ya je wurin mai rumbu ya karɓi dami ɗaya, da kaka ya mayar da biyu. Wanda ya lissafa zai ga ninki ne cikin wata uku ko huɗu. Bayan falle sai jingina, inda mutum zai ba da gonarsa ya karɓi kuɗi, mai kuɗin ya yi ta nomanta har ranar da aka fanshe. Malamai sun daɗe suna ƙyamar wannan, domin a fiƙihun Malikiyya cin amfanin abin da aka jinginar saboda rance ƙofar riba ce, amma talauci bai bar al'adar ta mutu ba. Polly Hill, wadda ta yi nazarin Batagarawa ta buga a 1972, ta kuma yi na Dorayi ta buga a 1977, ta nuna cewa matalaucin ƙarshe shi ne wanda ba mai ba shi bashi sam, don an san ba zai iya biya ba. Ke nan ɓacin suna wajen bashi ya riga banki zuwa ƙauye.

To, a wancan zamani yaya ake ceton ɗan'uwa? Gandu ne ginshiƙin al'amarin. Muddin ɗa ko ƙane yana cikin gandu, mai gida ne ke biyan harajinsa, shi ke ciyar da shi da damina, shi ke yi masa auren fari. Abin da ya ci bashi a kan gayaunarsa ma, in ya gagara, ƙarshenta wurin mai gida ake zuwa. Idan gona ta shiga jingina, wa ko kawu mai hali yakan fanshe ta, amma sau da yawa ba ya miƙa ta nan take. Yakan riƙe ta ya noma, ko ya sa mai ita ya noma a ƙarƙashinsa, sai ya ga ya natsu. Wannan ba rowa ba ce. Ana biyan bashin, ana kuma cire wa mai bashin abin da zai sake jinginarwa, ƙasar gado kuma ba ta fita daga dangi. Shari'a ta ƙara wa wannan ƙarfi ta fuska uku: ta halatta wani ya lamunce wa wani, ta sa waɗanda bashi ya danne cikin mutum takwas da ake ba zakka, ta kuma hukunta a biya bashin mamaci kafin a raba gado. Wannan hukunci na ƙarshe shi ya sa bashin mutum ɗaya ya zama damuwar magada duka tun yana raye.

Mulkin Turawa ya kawo haraji da kuɗin Ingila, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta bunƙasa daga 1912. Kamfanoni suka riƙa ba manyan 'yan kasuwa kuɗi, su kuma su ba yaransu, yaran su ba manoma tun kafin kaka. Yunwar 1914 ta nuna yadda tsarin ke da rauni. Duk da haka, har zuwa ƙarshen shekarun 1960 manomin Kura mai bashinsa mutum ne da ya sani, wanda za a iya tura masa dattijo ya roƙi jinkiri.

Babban sauyi ya zo a zamanin Gwamna Audu Bako. An fara gwajin noman rani a Kadawa a farkon shekarun 1970, aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya sa kowa ya yarda ruwan sama ba abin dogaro ba ne. A 1976 aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are ta Tarayya. Kashi na farko an tsara shi a kan hekta 22,000. Aka daidaita gonaki, aka haƙa magudanai, aka sake raba ƙasa ga masu ita, aka ce su shuka alkama da tumatir.

Abin da masu tsarin ba su auna da kyau ba shi ne tsadar noman. Gero da dawa na damina suna bukatar irin da aka ajiye, da takin gida, da ƙarfin iyali. Alkamar rani kuwa tana bukatar kuɗin tarakta, da iri, da takin zamani, da 'yan ƙwadago, da kuɗin ruwa, kuma duk a biya tun ba a girbe kome ba. (A nan harshe ya yi wa manomi ba'a: kalmar da ake kiran ladan ban-ruwa da ita, ita ce ake kiran ƙarin da banki ke ɗorawa.) Rani a da lokacin ci-rani ne da sana'a, lokacin da matashi ke samo kuɗin da zai fanshi falle. Yanzu ya zama lokacin cin sabon bashi. Tina Wallace, wadda ta yi bincike a yankin ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1979, ta tarar cewa ƙananan manoma da yawa ba su iya ɗaukar wannan nauyi ba, sai suka riƙa ba da hayar filayensu na rani ga masu hali, har da 'yan kasuwa da ma'aikata daga birni. Wasu suka koma leburori a gonar da sunansu ke kanta. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun ƙara nuna, a littafinsu na 1985 a kan alkama, cewa alkamar da ake nomawa a nan ba ta iya gogayya da ta Amurka wajen araha. Da aka hana shigo da alkama a 1987 farashi ya tashi, manoma suka faɗaɗa. Da aka ɗage hanin a 1992 sai kasuwar ta rushe, ta bar wanda ya ci bashi a kanta da bashinsa.

A daidai wannan lokaci gandu yana ta raguwa. Inda kowane aiki sai da kuɗi, ɗa ya fi son a biya shi lada a gonar wani da ya yi wa mahaifinsa kyauta. Ta haka aka rasa mai gidan da ke ɗaukar bashin kowa, a daidai lokacin da bashin ya ninka.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin cike gurbin da banki. Bankin Manoma na Nijeriya ya fara aiki a Kaduna a 1973. Doka ta 20 ta 1977 ta kafa asusun lamunin bashin noma, wanda ke biya wa banki kashi 75 cikin ɗari na abin da manomi ya kasa biya. Amma banki yana son takardar mallakar ƙasa, manomin ƙauye kuwa ba shi da ita, ko bayan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. In babu takarda sai mai tsayawa, kuma wanda banki ke yarda da shi shi ne mai albashi. Daga nan malamin makaranta, da akawu, da malamin gona suka gaji kujerar mai gandu, ba tare da sun gaji ikonsa ba. Mai gandu yana iya hana ƙanensa shuka abin da bai yarda da shi ba. Ma'aikacin da ya sa hannu a Kano ba ya ganin gonar sai ranar hutu, amma a idon doka bashin nasa ne in mai shi ya gaza. Da yawa sun ɗauki sa hannun tamkar shaidar cewa sun san mutumin, alhali alkawarin biya ne.

Tumatir ya fi alkama saurin arzurta mutum da saurin karya shi. Ba ya ajiyuwa, kuma kowa nasa yana nuna a lokaci guda, sai kwanduna su cika kasuwar Kwanar Gafan farashi ya faɗi. Dillalai sukan ba manomi kuɗin taki da magani bisa sharaɗin su zai sayar wa, watau falle ya dawo da sabuwar riga. An buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa a 2016 da fatan ta tsayar da farashi, sai ga tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a wannan shekarar, masana'antar ta tsaya don rashin kaya. Irin wannan shekara ita ke bambanta mai bashin da ya yi almubazzaranci da wanda annoba ta faɗa wa. Tsohon tsari ya san wannan bambanci, yakan yi wa na biyu jinkiri. Takardar banki ba ta san shi ba.

Mataki na baya-bayan nan shi ne mayar da suna lamba. A 2014 aka ƙaddamar da lambar BVN, wadda ta ɗaure dukan asusun mutum da yatsunsa. A 2015 aka fara shirin Anchor Borrowers, wanda ya ba manoman shinkafa da alkama kayan noma bashi ta hannun ƙungiyoyinsu. Da yawa sun ɗauke shi rabon gwamnati, kamar yadda aka ɗauki basussukan da suka gabace shi, kuma biyan ya yi rauni har Babban Banki ya janye daga irin waɗannan shirye-shirye bayan sauyin shugabancinsa a 2023. Sai dai wannan karon akwai rajista. Dokar 2017 ta tsara aikin kamfanonin da ke tattara tarihin bashin mutane, daga 2020 kuma banki ya sami ikon cire bashinsa daga asusun mai bashi a kowane banki yake. Masu ba da rance ta wayar hannu suka zo da nasu salo: in mutum ya yi jinkiri sai su aika wa duk wanda ke cikin wayarsa saƙon tozarci, har hukumar kare masu sayayya ta Tarayya ta kai musu samame a Legas a 2022. Sun gane abin da fatake suka sani tun da, cewa Bahaushe ya fi tsoron kunyar dangi da kotu, amma suka ɗauki kunyar suka bar jinkirin da ke tafe da ita.

Idan aka jera waɗannan zamunna, za a ga taimakon da ya riƙe gona a hannun dangi yana da kama ɗaya. Mai taimako yakan fara sanin jimlar bashin duka, domin mai bashi ba ya faɗin gaskiyar adadi da farko. Yakan je wurin mai bin bashin da kansa ya biya, bai damƙa kuɗin a hannun wanda ake bi ba. Yakan fara da mai ruwa mafi tsanani, ya bar rancen dangi daga baya. Misali, naira 200,000 da ake ɗora wa kashi 10 cikin ɗari kowane wata tana haifar da naira 20,000 a wata, ko da uwar kuɗin ba ta motsa ba. Wanda ya yi ta aiko da 15,000 duk wata yana ganin yana taimako, bashin kuwa ƙaruwa yake yi. Wanda ya ci sabon bashi da sunansa don ya rufe na ƙanensa, ba tare da ya riƙe wani abu ba, ya mayar da mai bashi ɗaya biyu ne kawai.

Akwai kuma aikin da mai gandu bai taɓa sani ba. A da, ranar da aka biya mai rumbu a gaban shaidu, magana ta ƙare, gari ya ji. Yanzu biyan kuɗin ba ya gyara rajista da kansa. Sai an karɓi takardar shaidar kammala biya daga bankin, sa'an nan a nemi rahoton mutumin daga kamfanin tattara bayanai, a duba ko an rubuta cewa ya biya. Dokar 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, ta kuma ba shi damar ƙalubalantar kuskuren da ya gani a ciki. Manomin da ke Bunkure ba safai ya san da wannan dama ba, sai ranar da ya je neman takin bashi aka ce masa sunansa yana da matsala.