Na'urorin sa ido marasa waya masu tsimin wuta

Na'urorin sa ido marasa waya ƙananan na'urori ne da ke auna girgiza, zafi, tsagewar gini ko bugun zuciya, su aika sakamakon ta iska zuwa kwamfuta mai nisa. Sirrinsu tsimin wuta ne. Yawancin lokaci barci suke yi, sai su farka su yi awo, su tura, su koma. Shi ya sa batir ɗaya kan kai watanni, wani ma shekaru.

A 2006 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun jera guda 64 a gadar Golden Gate ta Amurka, suna auna yadda take kaɗawa. A gadar Jindo ta Koriya ta Kudu kuwa, an kafa 70 a 2009, suka kai 113 a 2010. A lokacin, faifan sola ke yi wa yawancinsu caji, girgiza mai ƙarfi ke tashe su.

Fannin lafiya ma ya samu rabonsa. Mai ciwon sukari kan manna na'urar FreeStyle Libre a damtse, ta yi kwana 14 tana awon sukari, wayar hannu tana karantawa, likita yana duba sakamakon daga nesa. Da yawa daga cikin irinsu suna amfani da fasahar Bluetooth Low Energy, wadda ta fito a 2010.