Idan dattijo zai bar ƙauye domin doguwar jinya: abin da ake haɗawa da abin da doka ta tanada

A karkarar arewacin Jihar Kano, daga Dawakin Tofa da Minjibir zuwa Bichi, Dambatta, Makoda da Kunchi, gonaki suna manne da juna kuma ana noma su duk shekara ba hutu. Wannan yanki yana cikin karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, kuma tun shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin yadda mutanensa ke rayuwa. A tsarin gandu, dattijo yakan tsufa a gidansa, 'ya'ya da jikoki suna kewaye da shi. Yanzu kuwa matasa da yawa sun koma birni, kuma cututtuka irin su shanyewar ɓarin jiki da ciwon suga da ciwon ƙoda suna bukatar kulawar da ƙauye ba shi da ita.

Ina ake kai shi?

Kai tsoho gidan gajiyayyu abin kunya ne a al'adar Bahaushe. Saboda haka doguwar jinya takan kasance a ɗaya daga wuri biyu: gidan ɗa ko 'ya a birni, ko gadon asibiti. Yawanci akan fara da babban asibitin Bichi ko na Dambatta, daga nan a tura majinyaci Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da aka kafa a 1988, ko Asibitin Ƙashi na Dala idan karaya ce. A asibitocin gwamnati, dangi ne ke ciyar da majinyaci, su yi masa wanka, su juya shi. Don haka kaya na mutum biyu ake haɗawa: majinyaci da mai jinya.

Kayan da ba a bari

Takardu ne kan gaba: katin asibiti, sakamakon gwaje-gwaje da hotunan da aka ɗauka a baya, takardar da likita ya rubuta ta turawa, katin shaidar ɗan ƙasa, da takardun fansho ga tsohon ma'aikaci. Magunguna a tafi da su cikin kwalayensu, har da na gargajiya, domin likita ya san duk abin da majinyaci yake sha.

Sai kayan jiki: tufafi masu yalwa da saukin cirewa, zannuwa da yawa, bargo don lokacin hunturu, gidan sauro, ledar shimfiɗa, fo, bokiti, sabulu da man shafawa. Mai jinya yana bukatar tabarma, tocila, filas da kular abinci. Ga abinci kuwa, garin kunu da kuka da daddawa sukan taimaka wa wanda bakinsa bai saba da girkin birni ba, amma a tambayi likita kafin a ba mai ciwon suga ko hawan jini.

Akwai kuma kayan da ke riƙe da mutuncin dattijo: buta, darduma, carbi, Alƙur'aninsa, tabarau, sanda, hula ko mayafi, da rediyon da ya saba ji. Wasu tsofaffi suna ajiye likkafaninsu a ƙasan akwati. Shi ya kamata a tambaya ko za a tafi da shi, kada a yanke hukunci a bayan idonsa. Wanda ya fara rikicewar tsufa ya fi samun natsuwa idan yana ganin kayan da ya sani.

Abin da ba ya shiga akwati

Gona ce ta fi jawo rigima. Kafin tafiya, ya dace dattijo ya faɗi da bakinsa, a gaban shaidu da mai unguwa ko dagaci, wa zai noma wace gona, kuma aro ne ko haya ko jingina. A rubuta, a haɗa da awaki da tumaki, hatsin rumbu da bashin da yake bi ko ake bin sa. A mazhabar Malikiyya ba a raba gado sai bayan mutuwa, kyauta tana cika ne idan an karɓa, wasiyya kuma ba ta wuce sulusin dukiya. Kyautar da mutum ya yi a cikin ciwon ajali ma hukuncin wasiyya take ɗauka. Sayar da gona don biyan kuɗin magani mataki ne da ba kasafai ake dawowa daga gare shi ba, a yankin da kowane taƙi yake da mai shi.

Me doka ta ce?

Sashe na 16 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati manufar kula da tsofaffi, sai dai yana cikin Babi na Biyu, wanda ba a iya kai ƙara kotu a kansa kai tsaye. Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a dokar Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Dokar Lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusun marasa galihu, har da tsofaffi. A Kano, hukumar KSCHMA ce ke rajistar masu cin gajiyar taimakekeniyar lafiya, kuma ya dace iyali su bincika rajistar dattijonsu kafin rashin lafiya ta yi tsanani.

Amma mafi yawan manoma ba su da fansho, kuma nauyin jinya yana kan iyali, musamman mata. Matasan da ke zuwa taron 'yan takara suna da hakkin tambaya: tsofaffi nawa aka yi wa rajista a mazaɓarsu, kuma nawa aka ware musu a kasafin kuɗin jiha?