Umarni da Lamiri: Daga Jirgin Enterprise Zuwa Gonakin Kadawa

Shirin talabijin na Star Trek: The Next Generation, wanda aka nuna a Amurka daga 1987 zuwa 1994, ƙagaggen labarin kimiyya ne a kan wani jirgin sararin samaniya mai suna Enterprise. A zangonsa na bakwai akwai kashi mai suna "Journey's End", wanda Ronald D. Moore ya rubuta, aka nuna shi a watan Maris na 1994. Tarayyar duniyoyin da jirgin yake wa aiki ta yi sulhu da abokan gabarta, Kardasiyawa, aka sake shata iyaka, sai wata duniya mai suna Dorvan ta faɗa ɓangarensu. Mazaunanta jikokin 'yan asalin Amurka ne, waɗanda aka taɓa raba kakanninsu da ƙasarsu. Aka umarci Kaftin Picard ya kwashe su, ko suna so ko ba sa so.

Mutum biyu ne lamiri ya dama a labarin. Picard ya nuna wa shugabarsa, Admiral Nechayev, rashin amincewarsa, ya zauna da dattawan garin, da suka ƙi tashi kuma ya sa a fara shirin kwashe su, zuciyarsa ba ta so. Shi kuwa Wesley Crusher, matashi ɗalibin makarantar hafsoshi, sai ya tona wa mutanen shirin, ya ajiye aiki. Mai kallo yakan fi karkata ga Wesley. Sai dai tafiyarsa ba ta warware komai ba. Picard, wanda ya tsaya a kujerarsa ya yi ta jan magana, shi ya samo mafita: mazauna suka yarda su bar zama 'yan tarayyar, su ci gaba da zama a ƙasarsu ƙarƙashin Kardasiyawa.

Wanda ya san tarihin noman rani a Kura da Bunkure ba zai ji labarin nan baƙo ba. An gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala ta a 1974, domin ta shayar da aikin ban ruwa na Kogin Kano, wanda aka fara gwada shi a Kadawa. An tsara kashinsa na farko a kan kimanin hekta 22,000. Daga baya aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. Ruwan Tiga ya tashi dubban mutane daga garuruwansu. A yankin ban ruwan kuma an karɓi gonakin gado, aka baje su da katafila, aka ratsa su da magudanai, sannan aka mayar wa manoma bayan an zaftare kason hanya da na magudana. Tina Wallace, wadda ta yi bincike a yankin, ta nuna cewa masu hali sun fi ƙananan manoma cin moriyar tsarin.

Ba a ce umarnin karɓar gonakin na banza ne ba. Kamar yadda sulhun cikin shirin ya tsayar da yaƙi, haka ruwan Tiga ya mayar da Kura, Bunkure da Garun Malam cibiyar shinkafa, tumatir da alkama. Nan nauyin yake. Safiyon da ya kafa turaku a gonar wani, da akawun da ya ƙidaya bishiyoyi domin diyya, suna da hujjar cewa al'umma suke wa aiki, kuma Bahaushe ya ce bin na gaba bin Allah. Amma malamai sun daɗe da yi wa wannan magana iyaka: biyayya ga shugaba tana tsayawa inda zalunci ya fara. Tsakanin karɓar umarni da zartar da shi akwai tazara, kuma a cikinta ne ma'aikaci yake iya jinkirtawa, ya saurari mai gona, ya rubuta wa na sama abin da idonsa ya gani.

Abin da yake faruwa idan aka rasa mai amfani da wannan tazara ya bayyana a madatsar ruwa ta Bakolori, kusa da Talata Mafara. Manoma suka tare hanyoyin aikin madatsar suna neman diyyar gonakinsu, sai a watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ba da adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, wasu majiyoyi kuwa suka ce ɗaruruwa ne.

Shirin talabijin ɗin yana da rauninsa. Marubuci ya tanadar wa Picard ƙofar fita, alhali garin da ruwa ya ci ba shi da zaɓin zama. Ita ma mafitar tana da tsada, domin mutanen Dorvan sun saya ta ne da kariyar da suke da ita. Duk da haka ya dace da ya ɗora nauyi a kan wanda ya tsaya. A yau wannan nauyin yana wuyan mai kula da ƙofar ruwa da shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, domin idan na farkon magudana suka janye fiye da rabonsu, gonar na ƙarshen layi ce take bushewa.