Gawo, Bagaruwa da Dakwara: Nazari kan Wargajewar Jinsin Acacia

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda masana tsirrai suka raba itatuwa uku na ƙasar Hausa da a da ake haɗa su a jinsi ɗaya, tare da kwatanta hakan da sunayensu na gargajiya.

Gabatarwa

Tun da Linnaeus ya wallafa Species Plantarum a 1753, kowane tsiro yana da suna mai kalma biyu: ta farko jinsi, ta biyu nau'i. Sama da jinsi akwai dangi. Gawo da bagaruwa da dakwara duk suna cikin dangin Fabaceae, tare da wake da gyaɗa da ɗorawa da tsamiya. Inda aka sami saɓani shi ne matakin jinsi.

Yadda Aka Raba Su

Philip Miller ne ya kafa jinsin Acacia a 1754. Da tafiya ta yi nisa, sai ya zama rumbun da ake zuba itatuwa sama da dubu daga Afirka da Asiya da Amurka da Ostareliya.

Gawo ne ya fara fita. A 1934 Auguste Chevalier ya ware masa jinsi shi kaɗai, ya zama Faidherbia albida, da sunan Faidherbe, gwamnan Faransa a Senegal. Manomi ba zai yi mamakin wannan ba: icen da ke kakkaɓe ganye da damina ya yi kore shar da rani, gero ya yi kyau a gindinsa, ai daban yake.

Daga baya binciken ƙwayoyin gado ya nuna sauran ma ba kaka ɗaya ya haife su ba. To wa zai riƙe sunan? Bisa ƙa'ida ɓangaren bagaruwa ne, domin a kanta aka ɗora jinsin. Amma taron masana tsirrai na duniya a Biyana, a 2005, ya miƙa sunan ga itatuwan Ostareliya, bisa hujjar cewa nau'o'insu sun kusa dubu. An ƙalubalanci hukuncin, taron Malbon na 2011 ya tabbatar da shi. A ganinmu raba jinsin daidai ne, amma ɗauke sunan daga Afirka ya saɓa wa ƙa'idar fifita wanda ya riga, kuma wannan abin takaici ne. Yanzu bagaruwa Vachellia nilotica ce, dakwara kuwa Senegalia senegal.

Ana iya ganin bambancin da ido. Ƙayar bagaruwa miƙaƙƙiya ce, biyu-biyu a gindin ganye, furenta rawaya a dunƙule. Ta dakwara gajera ce mai lanƙwasa, uku-uku, furenta fari a jere kamar zangarniya.

Sunayen Hausa

Hausawa ba su taɓa haɗa su a suna ɗaya ba. Majemi ya san 'ya'yan bagaruwa yake jima da su, mai neman ƙaro ya san dakwara. Sai dai ba za a ce Bahaushe ya riga masana gano dangantaka ba, domin amfani da kama yake dubawa, ba asali ba. Fa'idar sunan tana wani wuri: bagaruwar da Dalziel ya rubuta a littafinsa A Hausa Botanical Vocabulary a 1916 ita ce bagaruwar kasuwar Kurmi a yau, alhali sunanta na kimiyya ya sauya. Don haka muna ba da shawarar duk mai tattara samfuri a Kano ko Damagaram ya rubuta sunan Hausa da garin da ya ji shi, kusa da tsohon sunan kimiyya da sabon.