Furen Okid Mai Ƙamshi: Asalinsa da Yadda Ake Rainonsa a Camberwell

Da yawanmu mun sha sayen furen okid a kantunan Camberwell da Peckham, ko a kawo mana shi kyauta ranar suna ko biki, amma bayan wata biyu sai ya yanƙwane ya mutu, kuɗi ya tafi a banza. Mun tattaro wannan bayani don mu san abin da furen yake so.

Mene ne okid?

Okid dangi ne babba na tsirrai, irinsu ya haura 25,000 a duniya. Banila da ake sa wa kek da askirim daga 'ya'yan wani okid ake samunta. Yawancin na ƙasashe masu zafi a jikin bishiya suke rayuwa, saiwoyinsu a fili, suna shan ruwan sama da raɓa. Sun bambanta da kauci: kauci yana tsotsar bishiyar da ya hau, okid kuwa wurin zama kawai yake nema.

Wanda ya cika kantuna a nan shi ne Phalaenopsis, kuma galibinsa ba shi da ƙamshi. Mai son ƙamshi sai ya nemi Phalaenopsis bellina na tsibirin Borneo, ko Oncidium Sharry Baby mai ƙamshin cakulan, ko kuma namu na gida, Aerangis biloba.

Namu na gida

Aerangis biloba yana fitowa a dazuzzukan Afirka ta Yamma, daga Senegal har Kamaru, kuma ana ganinsa a jikin bishiyoyi a gonakin koko. Masanin tsirrai John Lindley ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1840, daga wani tsiro da aka kawo Landan daga Cape Coast. Bakin ganyensa a rabe yake biyu. Furanninsa farare ne, suna rataye a jere, kowanne da dogon wutsiya mai ruwan zaƙi a ciki. Da rana ba a jin komai, sai bayan magariba ƙamshin yake tashi, domin malam-buɗe-littafin dare ne ke yi masa barbara.

Haske da ɗumi

A daji yana zaune ne a inuwar ganye, saboda haka rana mai ƙuna tana ƙona shi. Tagar da ke fuskantar gabas ta fi, ko wata taga mai labule marar kauri. A Disamba hasken rana a Landan bai cika awa 8 ba, don haka a matso da shi kusa da taga da rana, a janye shi da dare kada sanyin gilashi ya kama shi. Kada ɗakin ya sauka ƙasa da digiri 16. Kada kuma a ɗora shi a kan hita: busasshiyar iskarta tana yi masa abin da hunturu ke yi wa leɓe. A zuba tsakuwa da ɗan ruwa a faranti, a ɗora tukunyar a kai yadda gindinta bai taɓa ruwan ba, danshi zai riƙa tashi.

Tukunya da ban ruwa

Ba a shuka okid a ƙasa irin ta barkono ko tumatir. Ana sa shi a gutsattsarin ɓawon itace da ɗan gawayi, cikin tukunya mai ramuka, ko a ɗaure shi a jikin ɓawo a rataye. Duk shekara 2 a sake ɓawon, bayan furen ya zube.

Yawan ruwa shi ya fi kashe okid. Na tukunya, sau ɗaya a mako ya isa, a rage a lokacin sanyi. Na rataye kuwa yana son feshi kusan kullum. A duba saiwa: in ta yi kore shar ta ƙoshi, in ta yi fari-fari kamar azurfa tana jin ƙishi, in ta yi baƙi ta yi laushi ta ruɓe, sai a yanke ta da almakashi mai tsabta. A ba shi ruwa da safe, a bari ya tsiyaye, kada ya kwanta a tsakiyar ganye.

Ruwan famfon Landan yana da alli, shi ne farin abin da muke gani a butar shayi, kuma yana toshe saiwa. Ruwan sama ya fi. Takin okid kuma a tsarma shi sosai, a ba shi duk mako biyu lokacin da yake fitar da sabon ganye. In aka ga ƙwari farare kamar auduga, a goge su da tsumma da ruwan sabulu kaɗan.

Gargaɗi ga matafiya

Kada wanda ya je gida ya cusa okid a jaka ya taho da shi. Dukkan okid suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kare tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Shigo da shi Birtaniya sai da izini da takardar lafiyar tsiro, in babu za a ƙwace, kuma ana iya gurfanar da mutum. A saya wurin masu rainon okid na nan ƙasar, a tabbatar da sunan a jikin takardarsa.

Mai son ganin su da ido, lambun Kew yana bikin okid duk shekara a watan Fabrairu zuwa farkon Maris. Na 2023 a kan Kamaru aka yi. Matasa su ɗauki iyaye su kai su.

Okid yakan yi fure sau ɗaya a shekara, don haka in furen ya zube kada a jefar da tukunyar. A ci gaba da kula da shi, mahaƙurci mawadaci. Allah ya sa albarka.